Yadda Ake Buɗe wa Kwamfutar Cikin Kwamfuta Hanyar Sadarwa

Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini laftof ɗinsa bayan la'asar, ransa a jagule. Kwana biyu ya yi yana fama. Ya ɗora Ubuntu Server a cikin VirtualBox, ya kunna ɗan shafin da yake koyon ginawa, sai dai duk lokacin da ya rubuta adireshin a burauzar Windows, shiru kake ji. Ya juyo mini da fuskar kwamfutar ya ce, "Malam, duba fa. Ita da kanta ta nuna mini 10.0.2.15, kuma intanet na aiki a cikinta, amma ta ƙi buɗewa." Har ya sake ɗora Ubuntu ɗin daga farko, a zatonsa wani abu ya lalace. Babu abin da ya lalace. Manhajar ta yi daidai abin da aka gina ta ta yi, shi ne bai gaya mata wanda yake so ya shigo ba.

Masu wannan fasaha sun sauƙaƙa mana da sunayen da suka zaɓa. Kwamfutarka ta ainihi, wadda kake taɓawa da hannu, ita ce mai masauki. Wadda ka ƙirƙira a cikinta, mai nata tsarin aiki da nata faifan ajiya na kwaikwayo, ita ce baƙuwa. To duk maganar saita sadarwa tana komawa ne kan tambayar da kowane mai gida ke yi idan ya sauki baƙo: zai riƙa fita gari? Mutanen waje za su iya zuwa wurinsa kai tsaye, ko sai sun bi ta kaina? Idan baƙin biyu ne, za su riƙa ganin juna? Amsa waɗannan a ranka kafin ka taɓa kowane maɓalli.

Zan yi bayanin da VirtualBox, domin kyauta ce kuma ita ɗalibai suka fi samu. Wani kamfanin Jamus mai suna Innotek ne ya fara ƙera ta, kamfanin Sun ya saye shi a 2008, sannan ta koma hannun Oracle a 2010. Misalina Windows ce mai masauki, Ubuntu Server baƙuwa.

Inda saitin yake

Kashe baƙuwar gaba ɗaya tukuna. Idan ajiye ta ka yi a halin da take, wato ka zaɓi Save State, za ka tarar wasu wuraren sun dushe, ba sa dannuwa. Zaɓe ta a jeri, ka shiga Settings, sannan Network. Za ka ga gurbin katin sadarwa huɗu, Adapter 1 zuwa Adapter 4. A zahiri tana ɗaukar har takwas, amma sauran huɗun sai ta umarnin VBoxManage, kuma da wuya ka buƙace su. A kowane gurbi akwai layin Attached to, nan ne ake zaɓen irin masaukin. Idan VirtualBox ɗinka 7.1 ce ko wadda ta biyo baya, ka danna Expert a saman tagar, domin yanayin Basic yana ɓoye rabin abin da za mu taɓa.

NAT: baƙuwa a ƙuryar gida

Wannan shi ne zaɓin da kowace sabuwar baƙuwa ke zuwa da shi, kuma shi ya rikita ɗalibin nan. A nan baƙuwa tana ƙuryar gida. Duk saƙon da za ta aika waje, mai masauki ke karɓa ya fitar da sunansa, amsa ta dawo ya miƙa mata. Duniyar waje ba ta ma san da ita ba. VirtualBox ce ke ba ta adireshi 10.0.2.15, mafitarta 10.0.2.2, mai fassara mata sunayen shafuka zuwa lambobi kuma 10.0.2.3. Waɗannan lambobi a cikin manhajar kaɗai suke da ma'ana. Windows ba ta da wata hanya da ke kaiwa 10.0.2.15, shi ya sa burauza ta yi ta juyi har ta gaji.

Alherin NAT shi ne rashin fitina. Ko a hotsifot ɗin wayarka kake, ko a Wi-Fi na ofis, ko ka jona waya a rauta, muddin mai masauki na da intanet, baƙuwa na da shi. Ka tashi daga wannan netwok ka koma wancan, adireshinta na nan yadda yake. Wanda burinsa kawai ya sauke manhajoji ya koyi umarnin Linux, kada ya wahalar da kansa, ya bar ta a haka.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, idan ka kunna baƙi uku dukkansu a NAT, kowace za ta ce maka adireshinta 10.0.2.15. Ba kuskure ba ne, kowace tana cikin nata keɓaɓɓen ɗaki ne, ba sa jin ɗuriyar juna. Idan kana son su haɗu kuma su ci gaba da samun intanet, akwai ɗan'uwansa NAT Network. Sai ka fara ƙirƙirar shi a File, Tools, Network Manager, sannan ka ɗora baƙin duka a kansa.

Yanzu yaya za a yi mai masauki ya shiga wurin baƙuwar da ke NAT? Sai a yi mata ƴar ƙofa. Kowane aiki a kwamfuta yana da lambar ƙofar da yake sauraro: SSH, wanda ake shiga kwamfuta daga nesa da shi, yana ƙofa ta 22, shafin intanet yana ta 80 ko 443. Abin da za ka gaya wa VirtualBox shi ne: duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa kaza a jikin mai masauki, ki kai shi ƙofa kaza a wurin baƙuwa. A ƙarƙashin Adapter 1 danna Port Forwarding, ka ƙara sabon layi. Protocol ka bar shi TCP. Host IP ka rubuta 127.0.0.1. Host Port ka sa 2222. Guest IP ka bar shi fayau. Guest Port ka sa 22. Cikin baƙuwar kuma ka tabbata mai sauraron yana nan:

sudo apt install openssh-server

Daga nan ka buɗe PowerShell a Windows, wadda daga Windows 10 take zuwa da ssh a jikinta, ka rubuta:

ssh -p 2222 sunanka@127.0.0.1

Ka lura da gurbin Host IP ɗin nan. Mutane da yawa suna barin sa babu komai domin hakan ma yana aiki. Yana aiki kam, amma ma'anarsa ƙofar ta buɗe ta kowace fuska, har wanda kuke Wi-Fi ɗaya da shi a ɗakin karatu zai iya zuwa ya gwada kalmar sirrinka. Idan ka rubuta 127.0.0.1, kwamfutarka kaɗai ke iya ƙwanƙwasawa. Sannan ka riƙa zaɓen lamba sama da 1024 a ɓangaren mai masauki; a Linux da macOS ƙananan lambobi sai mai cikakken iko.

Bridged: baƙuwa ta buɗe ƙofarta a bakin titi

Idan ka zaɓi Bridged Adapter, baƙuwa ta tashi daga ƙuryar gida ta zama maƙwabciya. Za ta je wurin rautar gidanku ta nemi nata adireshin kamar yadda wayarka da laftof ɗinka suka nema. Idan laftof ɗin na 192.168.0.101, ita ma za ta samu wani abu mai farawa da 192.168.0. Duk na'urar da ke kan wannan netwok za ta iya isa gare ta, har wayar hannunka. Wannan shi ne abin da ake so idan ka gina shafi kana son ganin yadda yake fitowa a waya, ko kana son abokan aiki a ofis su yi amfani da wata manhaja da ke cikinta.

A ƙarƙashin zaɓin akwai layin Name, inda za ka nuna wane kati na ainihi za a bi. Nan ake yawan tuntuɓe. Laftof na da katin Wi-Fi da na waya, wani lokaci har da na bogi da manhajar VPN ta ƙirƙira. Idan ka ɗora gadar a kan katin waya alhali da Wi-Fi kake aiki, baƙuwa za ta yi ta neman adireshi babu mai amsa mata.

Ko ka zaɓi katin daidai, gada a kan Wi-Fi tana da halinta. Kowane katin sadarwa yana da lambar shaida da ake kira MAC, kuma na VirtualBox duk suna farawa da 08:00:27. A kan waya babu damuwa, katin ainihi zai fitar da saƙo da shaidar baƙuwa. Amma yawancin katunan Wi-Fi ba sa yarda su yi magana da shaida biyu, don haka VirtualBox take cire shaidar baƙuwa ta liƙa ta mai masauki kafin saƙo ya fita. A rautar gida dabarar takan ci. A Wi-Fi na otal, ko na makaranta mai shafin shigar da suna da kalmar sirri, ko inda aka hana na'urori ganin juna, sau da yawa takan ƙi. Idan ka gamu da haka, kada ka ɓata yininka. Ba kai ke da rautar ba.

Ga kuma matsalar da ta fi damun wanda ke yawo da laftof. Yau kana hotsifot ɗin iPhone, adireshi ya fara da 172.20.10; gobe kana gida, ya koma 192.168 da wani abu. Kullum sai ka sake dubawa kafin ka shiga. Idan kuma data ta ƙare ka kashe hotsifot, ko wuta ta ɗauke rauta ta mutu, kai da baƙuwar da ke zaune cikin kwamfutarka kun rabu ke nan, alhali tazarar da ke tsakaninku ba ta kai taƙi ɗaya ba. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa mai koyo ya daina ɗaukar Bridged a matsayin maganin komai.

Kati biyu: tsarin da nake ba kowa shawara

Host-only Adapter ƙofa ce tsakanin ɗakin mai gida da na baƙuwa, babu hanyar fita waje. Lokacin da ka ɗora VirtualBox a Windows ta ƙirƙiri wani katin bogi, ta ba shi 192.168.56.1. Wannan shi ne adireshin mai masauki a ƴar wannan unguwa. Akwai kuma mai rabon adireshi da ke zaune a 192.168.56.100, yana raba wa baƙi daga 101 zuwa 254. Wannan unguwa ba ruwanta da data, ba ruwanta da wuta, ko a cikin mota kake tana nan.

Ita kaɗai ba ta da intanet. Amma ai gurbin kati huɗu aka ba ka. Bar Adapter 1 a NAT domin fita gari, ka kunna Adapter 2 ka ɗora shi a Host-only domin zirga-zirgar cikin gida. Ka huta da buɗe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, ka huta da canjin adireshi, kuma babu wani na waje da ke ganin baƙuwarka.

Kunna ta, ka rubuta:

ip a

Za ka ga lo, wanda na cikin gida ne, sai enp0s3, wato katin farko mai 10.0.2.15, sai enp0s8, katin na biyu. A Ubuntu Server za ka tarar na biyun ba shi da adireshi, domin an ɗora tsarin kafin ya zo. Tun daga fitowar 17.10 Ubuntu da Netplan take saita sadarwa, kuma fayilolinsa na cikin /etc/netplan. Kada ka taɓa wanda ka tarar, buɗe sabo:

sudo nano /etc/netplan/60-gida.yaml

Ka rubuta wannan a ciki:

network:
  version: 2
  ethernets:
    enp0s8:
      addresses: [192.168.56.10/24]

Na zaɓi 10 ne domin tana wajen iyakar da mai rabo ke bayarwa, ba za a wayi gari an ba wata baƙuwar irinta ba. Tazarar da ke farkon kowane layi tana da muhimmanci ƙwarai: da maɓallin tazara ake yin ta, biyu-biyu, kuma idan ka danna Tab ko sau ɗaya fayil ɗin ba zai karantu ba. Abu na biyu, kada ka sa wa wannan kati mafita. Na ga masu rubuta 192.168.56.1 a matsayin hanyar fita, sai baƙuwa ta riƙa tura saƙon intanet ta ƙofar da ba ta ɓullewa ko'ina, intanet ɗin da take da shi a da ma ya ɗauke. Mafita ɗaya ta isa, kuma katin NAT ya riga ya kawo ta.

Ajiye fayil ɗin, ka taƙaita masu iya karanta shi don Netplan ya daina ƙorafi, sannan ka gwada:

sudo chmod 600 /etc/netplan/60-gida.yaml
sudo netplan try

Ina son wannan umarni na biyu. Yana aiwatar da sabon saitin, ya jira daƙiƙa 120 ka danna Enter. Idan ba ka danna ba, ya mayar da komai yadda yake. Wanda ya taɓa datse wa kansa hanya a sabar da ke wata ƙasa ya san darajar wannan. Gara ka saba da shi tun a nan inda kuskure ba ya cin kuɗi. Da ka tabbatar, daga Windows sai ssh sunanka@192.168.56.10, a burauza kuma ka rubuta adireshin nan kai tsaye.

Mai masaukin da ke Linux ko macOS ya sani cewa sababbin fitowar VirtualBox ba sa yarda a ba wannan unguwa lambobin da suka fita daga 192.168.56.0/21, sai an rubuta izini a /etc/vbox/networks.conf. Zama a kan 56 ɗin ya fi sauƙi.

Idan ta ƙi

Kada ka fara da sake ɗora komai. Bi matakala daga ƙasa. Da farko ip a: akwai adireshi kuwa? Idan babu, leƙa Settings ka ga ko alamar Cable Connected na nan a danne. Cire ta daidai yake da zare waya daga bango. Idan baƙuwar Windows ce ka ga adireshi mai farawa da 169.254, ta nemi mai rabo ne ba ta samu ba, ta laƙaba wa kanta. Na biyu, ip route: layin default zai nuna mafita, kuma a tsarinmu ya kamata ka ga 10.0.2.2. Na uku, ping 8.8.8.8. Idan lamba ta amsa amma ping ubuntu.com ya ƙi, hanya lafiya take, mai fassara suna ne ya kwanta. Wannan yakan faru idan mai masauki ya shiga VPN ko ya canza netwok baƙuwa na kunne. Kashe ta, ka shiga babban fayil ɗin VirtualBox da ke C:\Program Files\Oracle\VirtualBox ta tagar umarni, ka rubuta:

VBoxManage modifyvm "sunan baƙuwa" --natdnshostresolver1 on

Daga nan duk tambayar suna da ta yi, mai masauki ne zai amsa mata da abin da shi yake amfani da shi.

Akwai wata ƙarya da ping ke yi. Katangar tsaron Windows, yadda take zuwa, ba ta amsa ping. Saboda haka idan ka buga wa 192.168.56.1 daga baƙuwa ka ji shiru, bai nuna hanya ta toshe ba. Gwada ta ɗaya ɓangaren, daga Windows zuwa Ubuntu.

Idan ping ya wuce amma shafi ya ƙi buɗewa, laifin na manhajar da ka kunna ne. Rubuta ss -tlnp ka ga inda take sauraro. Django da Flask, waɗanda ake gina shafi da su, a yanayin gwaji, a 127.0.0.1 suke tsayawa, wato baƙuwar kaɗai suke amsa wa, ko mai masauki ba sa kulawa. MySQL ma haka take zuwa a Ubuntu. Ga Django sai ka kunna ta da python manage.py runserver 0.0.0.0:8000, ka ƙara 192.168.56.10 a jerin ALLOWED_HOSTS. Ɗalibin nan da na fara ba ku labari, bayan mun sa masa kati na biyu sai da wannan ma ta tare shi, ya yi dariya ya ce ashe ƙofa biyu aka kulle masa.

Masu kwafin baƙuwa kuma su yi hattara. Lokacin yin Clone, ka zaɓi a samar wa dukkan katunan sabuwar lambar MAC. Ko da ka yi haka, za ka iya ganin kwafi biyu na Ubuntu Server sun karɓi adireshi ɗaya, domin ba da MAC take gabatar da kanta ga mai rabo ba, da wata lamba ce da ake samowa daga /etc/machine-id, ita kuwa an kwafe ta tare da faifan. Ƙara layin dhcp-identifier: mac a ƙarƙashin katin da ke karɓar adireshi a Netplan, magana ta ƙare. Idan kuma adireshin dindindin ka rubuta kamar 10 ɗin nan tamu, ka tuna ka mayar da na kwafin 11.

Wani abu da ya taɓa cin aljihuna: baƙuwa ba ta san da hotsifot kake ba. Ko ka gaya wa Windows cewa wannan layin na awo ne ta rage ci, baƙuwa katin waya take gani, a tunaninta intanet ɗin ofis ne marar iyaka. Ubuntu na sauke gyare-gyaren tsaro da kanta, baƙuwar Windows kuwa ba a magana. Na bar wata a kunne na tafi sallar isha'i, na dawo na tarar da saƙon cewa datata ta ƙare. Tun daga ranar, idan ba sauke wani abu zan yi ba, sai in cire Cable Connected a katin NAT, in ci gaba da aikina ta katin gida. Ana iya yin haka baƙuwa na kunne, ta Devices, Network.

Mai amfani da VMware, wata manhaja irin VirtualBox, zai tarar da irin wannan rabo da wasu sunaye: VMnet8 shi ne NAT, VMnet1 na cikin gida, VMnet0 gada. Bambanci ɗaya mai daɗi, a can mai masauki na da kati a kan VMnet8, don haka yana isa wurin baƙuwa kai tsaye ko a NAT take.

Saura Internal Network, inda baƙi ke magana a junansu kaɗai, ko mai masauki ba ya jin su. Babu mai rabon adireshi a nan sai ka kafa, don haka kowace da hannu za ka rubuta mata nata, kuma sunan netwok ɗin ya zama iri ɗaya a dukkansu. Wannan shi ne ɗakin gwajin masu koyon tsaron kwamfuta, kuma su nake roƙo a nan. Metasploitable da ire-irenta da gangan aka cika su da ramuka domin a koyi kutse a kansu, sunan shiga da kalmar sirrinsu ma duniya ta sani. Ka ɗora Metasploitable tare da Kali, wato baƙuwar da za ka riƙa gwada kutsen daga cikinta, a Internal Network ko Host-only, ka ba Kali kaɗai katin NAT idan tana buƙatar intanet. Don Allah kada ka sa ta a Bridged a Wi-Fi na makaranta ko na wurin aiki, ko da na minti biyar ne.